Nazarin ƙananan halittu da sinadaran ƙasa a karkarar Kano

Nazarin ƙananan halittu da sinadaran ƙasa fanni ne na kimiyya da ke binciken yadda halittun da ido ba ya gani, kamar bakteriya da fumfuna, suke hulɗa da ma'adinai da sinadaran da ke cikin ƙasa da ruwa da iska. Fannin ya haɗa ilimi iri biyu, wato ilimin ƙananan halittun muhalli da ilimin sinadaran ƙasa da duwatsu. A karkarar da ke kewaye da birnin Kano, wadda ta haɗa da Dawanau da sauran garuruwan Ƙaramar Hukumar Dawakin Tofa, masu bincike sun shafe kimanin shekara 60 suna neman amsar tambayoyi biyu. Ta farko ita ce yadda gonar da ake nomawa kowace damina ba hutu take ci gaba da ba da amfani. Ta biyu ita ce hanyoyin da guba ke bi ta shiga abincin da ake nomawa ko ake ajiyewa a yankin. Malaman jami'o'in Kano da Zariya da ma'aikatan cibiyoyin binciken noma ne suka fi gudanar da wannan aiki.

Asalin fannin

Tushen fannin ya samu ne a Turai a ƙarshen ƙarni na 19. A shekarar 1886 wasu Jamusawa biyu, Hermann Hellriegel da Hermann Wilfarth, suka nuna cewa tsirrai dangin wake suna samun sinadarin naitirojin daga iska ta hanyar wasu 'yan ƙullutu-ƙullutu da ke jikin saiwarsu. A 1888 Martinus Beijerinck na ƙasar Holan ya ware bakteriyar da ke zaune cikin waɗannan ƙullutu, wadda daga baya aka sa wa suna raizobiya. A daidai wannan zamani Sergei Winogradsky na Rasha ya gano cewa akwai bakteriyar da ke samun ƙarfin rayuwa daga sinadaran ma'adinai kaɗai, kuma ya bayyana yadda wasu daga cikinsu ke juya naitirojin a cikin ƙasa zuwa siffar da shuka ke iya sha.

A ɓangaren sinadaran ƙasa kuwa, Victor Goldschmidt da ya yi aiki a Norway da Jamus ya tsara ƙa'idojin da ke bayyana yadda sinadarai suke rarrabuwa a cikin duwatsu. Vladimir Vernadsky, a littafinsa na 1926 kan duniyar masu rai, ya kawo ra'ayin cewa halittu su ma suna sassaƙa doron ƙasa kamar yadda ruwa da iska ke yi. Daga haɗuwar waɗannan bincike aka fahimci cewa naitirojin da fosfaras da ƙarfe da sauran sinadarai suna zagayawa ne tsakanin dutse da ƙasa da shuka da dabba, kuma ƙananan halittu ne ke tura yawancin wannan zagaye.

Yanayin ƙasar yankin

Dawanau tana arewa maso yamma da birnin Kano, a kan hanyar Katsina. A nan ne kasuwar hatsi ta Dawanau take, wadda aka kafa a shekarar 1985 kuma ake ɗaukarta a matsayin kasuwar hatsi mafi girma a Afirka ta Yamma. Gero da dawa da masara da wake da gyaɗa da riɗi da zoɓo suna shigowa kasuwar daga jihohin Arewa, suna kuma fita zuwa kudancin Najeriya da Nijar da Chadi da Kamaru da ƙasashen ƙetare.

A ƙarƙashin yankin akwai tsofaffin duwatsu masu tauri, mafi yawansu dangin garanait, sannan a wurare da dama akwai marmara a kansu, irin wadda ke saman Dala da Goron Dutse. Ƙasar noma kuwa ta samu ne galibi daga rairayi da ƙurar da iska ta tara tun shekaru dubbai da suka wuce. Manoma sun raba ta gida biyu: jigawa, mai rairayi da saurin tsotse ruwa, da fadama, mai laka da riƙe danshi. Ƙasar jigawa tana da sauƙin noma da fartanya, amma ruɓaɓɓen ganye da naitirojin da fosfaras sun yi ƙaranci a cikinta. Damina wata huɗu ce zuwa biyar, sauran shekarar kuma rani ne, lokacin da yawancin ƙananan halittun ƙasa ke lafawa har sai ruwan fari ya sauka.

Binciken farko

Michael Mortimore, masanin ilimin labarin ƙasa ɗan Birtaniya da aka haifa a 1937 ya rasu a 2017, shi ne ya fi jawo hankalin duniya ga yankin. Ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya daga 1962 zuwa 1979, sannan ya zama farfesa a Jami'ar Bayero ta Kano daga 1979 zuwa 1986. A 1965 shi da J. Wilson suka wallafa rahoto kan ƙasa da jama'ar karkarar Kano mai cunkoson mutane. Sun bayyana cewa kusan duk ƙasar da za a iya nomawa tana ƙarƙashin noma kowace shekara, kuma al'adar barin saura ta kusan ɓacewa. Mortimore ya kuma rubuta yadda jakuna ke shiga birni da itacen girki, su fito da mangalar taki da toka da sharar gida zuwa gonaki.

A wancan lokaci masana da yawa suna ganin cewa yawan jama'a a ƙasa mai ƙarancin ruwa dole ya kai ga lalacewar ƙasar. Abin da aka gani a karkarar Kano ya sa aka sake duba wannan ra'ayi, domin gonakin sun ci gaba da ciyar da mutanensu duk da fari na shekarun 1970 da 1980. A shekarun 1990 Frances Harris, mai bincike daga Birtaniya, ta yi aiki da manoman ƙauyen Tumbau, inda ta auna sinadaran da ke shiga gona da waɗanda ke fita daga cikinta. Ta nuna cewa tsarin ya dogara ne kan haɗa noma da kiwo: ana shuka wake da gyaɗa tare da hatsi, a ciyar da awaki da tumaki da harawa, sannan a mayar da takinsu gona.

Raizobiya da zagayen naitirojin

Kashi 78 cikin 100 na iskar da ake shaƙa naitirojin ne, amma gero da dawa ba sa iya amfani da shi kai tsaye. Raizobiya ce ke shiga saiwar wake ko gyaɗa ko waken soya, shukar ta gina mata ƙullutu, ta ba ta sukari, ita kuma ta juya naitirojin ɗin iska zuwa amoniya. Idan aka tsaga ƙullutun aka ga cikinsa ja-ja, alama ce cewa aikin yana gudana. Babban rabo na naitirojin ɗin yana taruwa ne a ƙwaya da ganye, shi ya sa harawa take da muhimmanci a lissafin masu bincike. Manomin da ya ciyar da dabbobinsa da harawa ya kai takin gona ya mayar da wani kaso na sinadarin inda ya fito. Wanda ya sayar da harawar kuwa ya fitar da shi daga gonarsa.

Bishiyar gawo ma dangin wake ce, kuma tana zubar da ganye da damina ta tofo da rani. Saboda haka ba ta yi wa shuka inuwa lokacin noma, kuma ganyenta da kashin dabbobin da ke hutawa a gindinta suna ƙara wa ƙasa ƙarfi. Akwai kuma wata fumfuna mai amfani da ake kira maikoraiza, wadda zarenta ke fita daga saiwa ya ratsa ƙasa ya jawo wa shuka fosfaras daga inda saiwar ba ta kaiwa.

Cibiyar Binciken Noma ta Ƙasashe Masu Zafi, IITA, wadda aka kafa a Ibadan a 1967, tana da reshe a Kano da gonar gwaji a Minjibir, inda aka yi aiki mai yawa kan irin wake. Daga 2009 zuwa 2019 shirin N2Africa, ƙarƙashin jagorancin Ken Giller na Jami'ar Wageningen da ke Holan, ya gwada cakuɗa iri da raizobiya kafin shuka a gonakin manoma a ƙasashen Afirka da dama, har da jihohin Kano da Kaduna. Gwaje-gwajen sun nuna cewa waken soya ya fi amsa wannan hanya, musamman idan an haɗa da takin fosfaras, kuma sakamakon yana bambanta ƙwarai daga gona zuwa gona. IITA tana sarrafa irin wannan garin raizobiya na waken soya da sunan NoduMax.

Ƙurar hunturu

Fosfaras da fotash da kalsiyam ba su da tushe a iska kamar naitirojin. Hanyoyin shigarsu gona su ne narkewar duwatsu a hankali, taki, toka, takin zamani da ƙura. Hazon da ke rufe Kano daga Nuwamba zuwa Maris yana tasowa ne galibi daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, wanda tsohon gindin tafki ne da ya ƙafe. Ƙurar wurin ta ƙunshi ɓurɓushin ƙananan halittun ruwa da suka rayu a tafkin, kuma iska na ɗaukar wani ɓangare nata har dajin Amazon na Kudancin Amurka. Grant McTainsh ya auna saukar wannan ƙura a arewacin Najeriya, ya wallafa sakamakon a mujallar Nature a 1980. Bincike na baya ya tabbatar da cewa ƙurar tana kawo wa gonaki fotash da kalsiyam da maganiziyam da ɗan fosfaras kowace shekara.

Duk da haka lissafin bai cika daidaituwa ba. Kowane buhun hatsi da aka loda wa mota a Dawanau yana tafiya da sinadaran gonar da ta haife shi, kuma ba ya dawowa. Yayin da gonaki ke ƙara ƙanƙancewa saboda rabon gado, birni kuma ke cinye filayen gefensa, buƙatar takin zamani tana ƙaruwa. Sharar birni da a da ake rububinta ita ma ta canza, domin yanzu tana ɗauke da leda da batura da gilashi. Raunin ƙasa yana kuma ba ƙuduji damar yaɗuwa, ciyawar da ke maƙale wa saiwar gero da dawa tana tsotse su.

Fumfuna da gubar aflatoksin

Ba duk ƙananan halittun ƙasa ne ke da amfani ba. Fumfunar Aspergillus flavus tana zaune a cikin ƙasa, tana kama gyaɗa da masara tun suna gona, musamman idan ruwa ya ɗauke ana dab da girbi ko ƙwari sun huda ƙwaya. Idan aka zuba amfanin a buhu ko rumbu bai gama bushewa ba, fumfunar tana ci gaba da yaɗuwa tana fitar da guba mai suna aflatoksin. Gubar ba ta da launi ko ɗanɗanon da mai saye zai gane, kuma dafuwa ko suya ba sa kashe ta. Tana iya kasancewa a ƙuliƙuli da tunkuza da garin masara, tana kuma ratsawa cikin nonon dabbar da ta ci gurɓataccen abinci.

An gano aflatoksin ne bayan da talotalo kimanin 100,000 suka mutu a Ingila a 1960 sakamakon cin abincin da aka haɗa da gyaɗar Brazil. Da yake a lokacin gyaɗa ce babbar hajar da Kano ke fitarwa, nan da nan masu bincike na Samaru, ciki har da D. McDonald da C. Harkness, suka shiga nazarin yadda lokacin girbi da hanyar shanya suke shafar yawan gubar. Hukumar binciken cutar daji ta duniya ta sanya aflatoksin cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa ciwon daji ga ɗan Adam, musamman na hanta, kuma haɗarin ya fi yawa ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B. Wani bincike da aka wallafa a 2002 kan yaran Benin da Togo ya danganta gubar da tsumburewa. A Kenya a 2004 mutum 125 suka mutu bayan cin gurɓatacciyar masara.

Batun ya shafi kasuwanci kai tsaye. Tarayyar Turai ba ta karɓar gyaɗar ci da aflatoksin ɗinta ya wuce maikurogiram 4 a kowane kilo, Amurka kuma ta tsayar da iyakarta a 20. Ranajit Bandyopadhyay na IITA da Peter Cotty na ma'aikatar noma ta Amurka sun jagoranci samar da Aflasafe, wanda aka yi wa rajista a Najeriya a 2014. Ƙwayar dawa ce da aka gasa don kada ta tsira, aka lulluɓe ta da nau'o'i huɗu na wannan fumfuna da aka samo a ƙasar Najeriya waɗanda ba sa fitar da guba. Ana watsa kilo 10 a hekta guda makonni biyu zuwa uku kafin shuka ta yi fure, sai marasa gubar su riga masu gubar mamaye gona. Gwaje-gwaje sun nuna raguwar aflatoksin da kashi 80 cikin 100 ko fiye.

Ajiyar wake ma tana da tata matsalar. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan ragowar maganin ƙwari mai suna daikulobos. Wannan ya ƙara wa buhunan PICS muhimmanci, buhuna masu ruɓi uku da Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro, waɗanda ke toshe iska har ƙwarin su mutu ba tare da magani ba.

Ƙarafa masu guba

A gefen birnin Kano, masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa sun daɗe suna zubar da ruwan aiki cikin rafuka. Masana'antun jimar fata suna amfani da kromiyam. Rafin Getsi yana kwasar ruwan Bompai ya haɗu da Jakara, kuma manoman rani suna ban ruwan latas da kabeji da alayyafo da shi. A 2003 Tony Binns da Roy Maconachie da Adamu Tanko na Jami'ar Bayero suka wallafa nazari kan ruwa da ƙasa da lafiya a noman gefen birnin, wanda ya nuna gurɓacewar ruwan da ake ban ruwa da shi. A nan ilimin biyu suke haɗuwa sosai, domin illar ƙarfe ta dogara da siffar da yake ciki. Kromiyam mai daraja shida yana narkewa a ruwa kuma yana da guba ƙwarai, mai daraja uku kuwa yana maƙalewa a ƙasa kuma illarsa ba ta kai haka ba. Akwai bakteriyar da ke juya na farko zuwa na biyu, shi ya sa ɗaliban digiri na biyu da na uku suke yawan ware bakteriya daga ruwan majemu don gwada amfaninta wajen tsaftace shi.

Misali mafi muni a Arewa shi ne gubar dalma ta Zamfara. A 2010 ƙungiyar likitoci ta MSF ta lura da yawan mutuwar yara a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma. Yara fiye da 400 suka rasu. Mazauna ƙauyukan suna niƙa dutsen zinariya a cikin gidaje, dutsen kuma yana ɗauke da dalma mai yawa. Masana sinadaran ƙasa na hukumar binciken ƙasa ta Amurka sun nuna cewa ruwa da iska sun riga sun juya dalmar zuwa siffar da ke saurin narkewa a cikin ɗan Adam. An kankare ƙasar gidajen aka zuba sabuwa, aikin da ya kai ga Bagega a 2013. A 2015 irin wannan annoba ta sake aukuwa a Ƙaramar Hukumar Rafi ta Jihar Neja.

Hanyar karatu da aiki

Mai son shiga fannin yana farawa ne da digirin farko a ilimin ƙananan halittu ko ilimin sinadarai ko ilimin duwatsu, wanda ke ɗaukar shekara huɗu, ko a aikin gona, wanda ke ɗaukar biyar. Bayan hidimar ƙasa sai digiri na biyu da na uku. Matakan aikin jami'a a Najeriya suna farawa daga mataimakin malami, zuwa malami mai daraja ta biyu da ta ɗaya, zuwa babban malami, zuwa mataimakin farfesa, sannan farfesa. Ƙarin girma ya dogara da koyarwa da yawan binciken da aka wallafa, kuma a manyan matakai ana aika ayyukan malami ga farfesoshin wasu jami'o'i su tantance.

Aikin ya kasu tsakanin gona da ɗakin gwaje-gwaje. Mai bincike yana ɗibar samfurin ƙasa ko ruwa ko hatsi, ya auna tsamin ƙasa da yawan sinadaranta, ya raini ƙananan halittu a faranti, ya auna ƙarafa da na'ura. Da yake mafi yawan bakteriyar ƙasa ba sa tsira a faranti, yanzu ana gano su ta hanyar karanta ƙwayoyin gadonsu.

Daga cikin cibiyoyin da ke horar da masana akwai Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda ta faro a 1922 ta kuma shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, da Jami'ar Bayero, da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da ke Wudil. Jami'ar Bayero ta kafa Cibiyar Noman Ƙasa Mai Ƙarancin Ruwa a 2012, da Farfesa Jibrin Mohammed Jibrin, masanin ilimin ƙasar noma, a matsayin daraktan farko, kuma a 2014 ta shiga jerin cibiyoyin ƙwarewa na Afirka da Bankin Duniya ke tallafawa. Wasu masanan fannin sun kai ga shugabanci. Farfesa Abdullahi Bala, wanda ya yi aiki kan raizobiya a shirin N2Africa, ya shugabanci Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna daga 2017 zuwa 2022. Nteranya Sanginga, masanin ƙananan halittun ƙasa ɗan Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo, ya zama ɗan Afirka na farko da ya shugabanci IITA, daga 2011 zuwa 2023.

Ƙalubale

Ƙarancin wutar lantarki yana lalata samfurin da ake ajiyewa a firiji, kuma na'urori da sinadaran gwaji daga waje ake sayo su da kuɗin ƙetare. Asusun TETFund, wanda dokar 2011 ta kafa, yana tallafa wa karatu da bincike, amma manyan ayyuka da yawa sun dogara ne da tallafin waje, wanda kan tsaya idan wa'adin shiri ya cika. Yajin aikin malaman jami'a, kamar na 2022 da ya ɗauki wata takwas, yana iya sa ɗalibi ya rasa damina guda ta gwaji, wato shekara ɗaya cur. Akwai kuma tazara tsakanin sakamakon bincike da mai amfani da shi. Galibin rahotannin da Turanci ake wallafa su, alhali manomi da ɗan kasuwa da Hausa suke aiki, kuma muddin buhun gyaɗa mai tsabta da mai guba kuɗinsu ɗaya ne a kasuwa, manomi ba shi da ribar da zai gani a kashe kuɗi don rage gubar. Wannan ya sa shirye-shiryen baya-bayan nan suke haɗa binciken ƙasa da gwajin hatsi a wurin saye, da biyan ƙarin farashi ga amfanin da ya ci gwajin.